Ranar da Harshen Dankure Ya Mutu

Dankure ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na goye shi, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa babu mai cewa ƙage nake yi. Ya haura sittin yanzu. Wanzami ne a Argungu, kamar ubanmu, kamar uban ubanmu. In ka tara mazan unguwarmu tun daga masu sabuwar furfura har 'yan firamare, da wuya ka ware biyar waɗanda ba shi ya yi musu kaciya ba.

Ba zan hana shi abin da Allah ya ba shi ba. Hannunsa na da sauri, aikinsa ba ya ruɓa, kuma tun shekarun da rediyo ya dame mu da zancen cututtukan da ake ɗauka a jini ya koma kowane yaro da sabuwar rezarsa, ba tare da kowa ya tilasta shi ba. Da damina yana gonarsa ta shinkafa a fadama, in ruwa ya ja baya ya ɗan taɓa kamun kifi, sauran kwanakin yana ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida yana aski da ƙaho. Mutum ne mai kyauta, mai zumunci. Amma Allah ya haɗa shi da halaye biyu da suka sa ni furfura kafin lokacina.

Na farko ɗanɗano. Baba ya koya masa tun yana riƙa masa zabira cewa wanzami ba ya sa wa ɗan wani maganin da harshensa bai sani ba. Baba garin bagaruwa yake nufi, da sassaƙe, da saiwoyin da ake tonowa a daji, don kada a kawo maka wani abu daban a ce shi ne. Dankure kuwa sai ya ɗauki maganar ya shimfiɗa ta a kan duniya gaba ɗaya. Ya lasa man zafi. Ya lasa maganin ciwon ido. Da idona na ga ya lasa takin zamani kafin ya watsa wa shinkafarsa, ya tofar, ya ce wannan buhun an yi masa haɗi.

Na biyu shi ne raina kukan yaro. A wurinsa zafin kaciya ba abin gudu ba ne, wai shi ke buɗe wa namiji zuciya. Duk maganin zafin da ya sani guda uku ne: a ce wa yaro ya ɗaga kai ya dubi tsuntsu, a yi masa alkawarin cinyar kaza, sannan ƙarti biyu su danne shi a bakin ramin da aka haƙa. In yaro ya yi ihu, Dankure ya ce, "To, kai ma an ji muryarka." In ya daure, ya ce jinin gidansu mai kyau ne.

Abin da ke ba ni haushi, ni kaɗai na rage a duniya cikin waɗanda suka ga tasa kaciyar. Yana da shekara bakwai. Baba na gama haƙa rami aka nemi Dankure aka rasa. Tun hantsi har azahar ana nema, sai ni na same shi a bakin gulbi, kwance ƙarƙashin jirgin wani masunci mai suna Tamba da aka kife ana liƙe shi. Na jawo shi ta ƙafa, na saɓo shi har gida yana dukan bayana. Ya ciji mutum biyu. Ya yi kwana uku yana kuka, ni ce zaune kansa da mafici ina yi masa fifita ina korar ƙuda. Sama da shekara hamsin ban faɗa wa kowa ba, ina jinsa yana cika baki a majalisa cewa shi ko ƙifta ido bai yi ba.

Babban ɗansa Aminullahi bai ɗauki aska ba. Ya yi boko, yana aikin gwamnati a Birnin Kebbi, suna zaune a Badariya shi da matarsa Nazifa da 'ya'yansu maza biyu. Shekara uku da suka wuce suka kawo babban, Sunusi, kakansa ya yi masa kaciya. Babu wanda ya tuna ya janye ƙaramin, Albashir, mai shekara huɗu a lokacin. Yana maƙale a jikin zana yana leƙe, ya ga komai, ya ji komai.

Tun daga ranar yaron ya daina zuwa wurin kakansa. Da can ba sa rabuwa, Dankure na tsokanarsa wai zai ƙwace masa mata, shi kuma yana jan gemunsa. Amma bayan abin, in sun zo Argungu ya ji ƙarar ƙarafan zabira sai ya shige ƙarƙashin gadona. Bara da aka ce masa saura shi, Nazifa ta ce mini ya koma fitsarin kwance.

Ta same ni a ɗaki da hutun makarantar ƙarshen shekara, ta durƙusa tana murza bakin mayafi.

"Gwaggo, ni ba zan iya sake jin irin ihun Sunusi ba. A asibiti ana yin allura, yaro ba ya jin yankan. Na yi wa baban su Sunusi magana, ya ce in bari ya yi tunani."

"Tun yaushe yake tunanin?"

"Tun azumi."

Na san tunanin Aminullahi. A ofis an ce yana da mutane a ƙarƙashinsa, amma gaban ubansa ko ruwa aka ba shi sai ya nemi izini kafin ya haɗiye. Kuma ba shi kaɗai ke da laifi ba. Jikan Dankure a kai shi asibiti kaciya, kafin la'asar duk Argungu ta ji, kuma washegari kowane uba zai ce in mai askar bai yarda da ita a kan jininsa ba, don me ni zan kai nawa.

Na ɗauki sandata na fita ƙofar gida. Na tarar da shi yana wasa aska.

"Dankure, zancen mijina Albashir na zo da shi."

"Asabar in sha Allah. Na sa a kama kaji."

"Asibiti uwatai ka so."

Bai ko ɗago kai ba. "Yaya Kulu, mi anka yi anka yi asibiti? Ni anka yi man allura? Ke dai kin sani."

"Na sani ƙwarai," na ce. Ya yi kamar bai ji yadda na faɗe ta ba.

Mun fi awa muna abu ɗaya. Na ce masa ko haƙori za a cire wa tsoho yanzu sai an kashe wurin, ya ce shi ya sa tsofaffin yanzu ba su da ƙwari. Na ce yaron na fitsarin kwance, ya ce kaciya ce maganinsa. Na tashi na bar shi don kada in kwaɗa masa sandar a gaban mutane.

Nazifa na da ƙawa, Ummu Hani, malamar jinya a wani asibiti nan cikin gari. Ita ta kawo shawarar tsakiya. Ta ce akwai wani mai da ake shafawa, yana kashe fata. A shafa da kauri, a rufe da leda, a jira awa guda cur. Ta gaya mana gaskiya cewa sama-sama yake aiki, bai kai allura ba, yaro zai ji wani abu, amma ya fi a yanka shi haka nan. Ta ce kuma kada wanda ya kuskura ya ba yaro ƙwayoyin manya don a sa shi barci, an sha kawo musu yara a sume saboda haka.

Da na kai wa Dankure wannan, sai ya ce in dai shi zai yi aikinsa a gidansa, su shafa abin da suka ga dama. Ni ban ji daɗi ba, Nazifa ma haka, amma abin da muka samu ke nan.

Ranar Asabar da hantsi an haƙa rami a bayan gida, an yanka kaji uku, maƙwabta biyu masu danniya sun zo sun zauna. Albashir na ƙarƙashin gadona tun asuba, ko koko ya ƙi sha. Nazifa ta fito da man, ɗan ƙaramin abu kamar na goge haƙori, za ta shiga wurinsa. Sai Dankure ya miƙa hannu daga inda yake zaune a tsakar gida.

"Kawo in gani."

Surukarsa ce, ba ta iya musu da shi. Ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu. Ya juya shi, ya shinshina, ya dubi rubutun kamar mai iya karantawa, alhali ni da shi duk ɗaya muke a nan. Sannan ya matsa a yatsa ya kai harshe.

"Baba, ba a sha," in ji Nazifa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba sha nika yi ba, ɗiyata. Aikina nika yi." Ya tattauna bakinsa. "Ɗan ɗaci-ɗaci. Babu wani ƙarhi gare shi. Wanga shi ka hana zahi?"

Ya ƙara matsawa, wannan karon da yawa, ya goga a dasashi da leɓe kamar mai cin taba gari. Ya mayar mata yana dariya, ya ce ta je ta shafa, ai ko man kaɗe ya fi wannan.

Na shiga na lallaso yaron daga ƙarƙashin gado, uwar ta shafa masa, ta rufe da leda kamar yadda aka ce. Muka fito jiran awa. Dankure na ta mita, wai a zamanin Baba a cikin awa guda an gama yara goma an wanke hannu. Yana cikin mitar sai na ji tsakar gida ta yi tsit. Na ɗan ji daɗin shirun kafin in waiwaya, don ban saba samunsa ba.

Yana zaune ya dafe haɓa. Miyau na zuba ta gefen bakinsa bai sani ba. Ya buɗe baki zai kira ni, abin da ya fito ba sunana ba ne, wani abu ne kamar kukan ɗan maraƙi. Ya mari kumatunsa. Ya ja leɓensa. Sai na ga idonsa ya koma irin na yaron da na jawo daga ƙarƙashin jirgi.

Baba da shanyewar ɓarin jiki ya rasu, kuma ta baki ta fara masa, yana zaune yana aski. Dankure na wurin ranar. Shi ya sa yanzu ya rarrafo ya kama bakin zanena, yana nuna bakinsa yana nuna sama.

Aminullahi ya rikice, yana ta "Baba, Baba," yana neman makullin mota alhali yana hannunsa. Ni ma gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Amma na dubi hannun da ya riƙe zanena, na ga riƙon ƙarfi ne, na dubi ɗayan, shi ma yana aiki. Na dubi Nazifa, na ga ta toshe baki da mayafi, kuma ba kuka take yi ba. Ta buɗe baki za ta yi bayani, na harare ta.

"Ku ɗauke shi sai asibiti," na ce. "Ku sa Albashir cikin mota shi ma."

"Gwaggo, yaron kuma mi za shi yi can?" in ji Aminullahi.

"Wa za ka bar ma shi, kaji?"

Allah ya sa Ummu Hani na bakin aiki. Ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ta sa ya ɗaga hannu biyu, ya ɗaga. Ta sa ya yi tafiya, ya yi. Ta sa ya yaƙe haƙora, ta auna jininsa, ta kira wani ma'aikaci namiji ya sake dubawa. Sannan ta tambaya ko ya ci wani abu da safen nan.

"Man da kika bayar," na ce. "Sau biyu. Ya ce man kaɗe ya hi shi."

Yarinyar nan ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa. Da ta juyo ta gyara fuska ta ce, "Baba, lafiyarka lau. Maganin ne ya kama. Kada ka ci komai, kada ka sha, har bakin ya dawo, don kada ka ƙware ko ka tauna harshenka. Kuma don Allah kada a sake."

Na zaci kunya za ta kama shi. Ina. Da ya tabbata ba mutuwa zai yi ba sai wanzancin ya motsa. Ya sa farce ya tsunkuli leɓensa, ya ƙara da ƙarfi, ya dubi farcen, ya dubi Ummu Hani. Ta gane tambayar.

"Wannan na sama ne, Baba. A baki yana kamawa da sauri, a fatar yaro ba ya shiga can ciki. Allurar da muke yi a gindin wurin ita ke kashe shi duka. Man da aka shafa masa zai rage masa zafin tsirar allurar. In an gama, kafin ta sake shi, a ba shi farasitamol na ruwa daidai nauyinsa. Wanda ya kasa natsuwa sam, shi ake turawa babban asibiti a sa shi barci, amma ban ga alamar Albashir zai kai haka ba." Ta dubi agogo. "Awar ta cika. Mai yin kaciyar yana nan."

Dankure ya girgiza kai. Ya nuna ƙirjinsa, ya yi alamar yanka, ya juya yatsa yana nufin gobe. Ya san yau ba zai iya ba, don bai taɓa sa aska a jikin yaro ba sai ya karanta addu'ar da Baba ya ba shi da murya a fili, yanzu kuwa ko bisimilla ba ta fita.

Aminullahi ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Nazifa ta dube ni. Albashir na bayan uwarsa, ya riƙe ƙafarta, yana leƙen kakansa da ke goge miyau da hannun riga.

Na matsa kusa da kunnen ƙanena.

"Ɗazu da ka kama zanena, mi ka ji?" Ya kau da kai. "Shi shekara biyu ke nan yana jin haka. In ka ce gobe, to gobe. Amma yau da la'asar ina zuwa majalisarku in ba su labarin jirgin Tamba, tun daga haƙa rami har mutum biyun da ka ciza. Kuma ba ka da bakin ƙaryata ni."

Ya dube ni kamar zai haɗiye ni. Ya yi wani gurnani wanda na tabbata zagi ne, amma tunda bai fito ba ban karɓa ba. Ya daɗe yana duban yaron. Sannan ya tashi, ya miƙa masa hannu. Albashir bai kama ba, sai da ubansa ya ɗauke shi. Suka shiga su uku.

Ni da Nazifa muka zauna a benci bakin ƙofa. Na girma a gidan wanzamai, na san ihun nan tun ban san sunana ba, har jikina ya saba ɗaurewa kafin ya zo. Na ɗaure ina jira. Muka ji "wayyo" guda ɗaya da ɗan kuka, na allura ke nan. Sai shiru. Can sai muryar Albashir, yana tambaya ko cinya biyu za a ba shi tunda Sunusi ɗaya ya samu. Nazifa ta kifa kai a cinyata ta yi kukan da ɗanta bai yi ba.

Aminullahi ya ce mana Dankure ya tsaya a kan ma'aikacin tun farko har ƙarshe, ya kusa sa hancinsa a aikin, sau biyu yana nuna masa da yatsa inda zai gyara.

Kada wani ya ce na ce babu zafi ko kaɗan. Da yamma allurar ta sake shi, yaron ya yi kuka, kwana biyu yana ɗingishi yana riƙe riga nesa da jiki. Ana ba shi maganin ruwan da ɗan murfin awo kamar yadda aka ce, yana lafawa ya yi barci. Lokacin bakin Dankure ya dawo, abin da ya fara furtawa kuwa shi ne, "Kun gani? Zahin ba inda ya tahi, jinkiri dai ya yi." Yana faɗa yana miƙa hannu wajen kwalbar maganin. Na buge hannun da mafici.

Maganar ta zaga gari kamar yadda ya ji tsoro, sai dai ya riga kowa juya ta. Yanzu a majalisa cewa yake shi da kansa ya gwada maganin asibiti a harshensa, ya tabbatar da ingancinsa, sannan ya ba da izini. Bana ya raka iyaye huɗu wurin su Ummu Hani, ya tsaya a kan aikin yana gyara musu, ya karanta addu'arsa, kuma har yau kazar wanzami gidansa ake kai ta. Waɗanda suka ce su a gida suke so, yana yi musu, amma sai an shafa an jira awa, yana zaune yana mita. In ka ji shi yana yi wa iyaye bayanin leda da agogo sai ka rantse shi ya ƙirƙiro abin. Ni ko sannu bai ce mini ba.

Da ƙaramar salla su Albashir suka zo. Ina ɗaki na ji ƙarar zabira, na duba ƙarƙashin gado bisa sabo, babu kowa. Na leƙa waje na gan shi zaune kan cinyar kakansa, ya zazzage ƙahonin a ƙasa yana jerawa. Dankure na ba shi labarin yadda shi a zamaninsa ko ƙifta ido bai yi ba.

Yaron ya ɗago ya ce, "Kaka, jirgin Tamba babba ne ko ƙarami?"

Dankure ya waiwayo ya dubi ƙofar ɗakina. Na ci gaba da tsinke zogalena. Majalisa ce kaɗai ke cikin cinikinmu, kuma ban je ba.